Likita, Nawa Ne Ya Isa? Amsoshin Tambayoyinku Kan Awon Magani da Yadda Ake Gano Shi

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu guda: yawan maganin da ake ba mara lafiya, da abin da yawan nan yake yi masa, da yadda masu bincike ke tantance awon da ya dace. Likitoci da masana haɗa magunguna na wannan fili ne suka amsa. Alƙaluman da ke ciki don fahimta muka kawo su, kada kowa ya sauya awon maganinsa sai da shawarar likitan da ke duba shi.

Tambaya daga wani mai shagon kemis a Sabon Gari, Kano: Assalamu alaikum likitoci. Masu saye kan ce in ƙwaya ɗaya tana rage ciwo, to biyu za su rage ninki biyu. Wasu ma ba sa tambayar komai sai "mai ƙarfi". Na rasa amsar da za ta gamsar da su.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Yawancin magunguna suna aiki ne ta hanyar kama wasu gurabe a jikin ƙwayoyin halitta, kuma guraben nan suna da iyaka. Da farko kowane ƙari yana samun inda zai kama, aikin ya hau da sauri. Da guraben suka fara cika, sai ƙarin ya rage amfani har ya kusa zama banza. Manomi ya san irin wannan a taki: buhun farko shi ke tayar da gona, na biyu ya ƙara kaɗan, na biyar kuwa ƙona shuka zai yi.

Ga lissafin da masu bincike suka fi amfani da shi. A ɗauka miligiram 10 na wani magani yana ba da rabin iyakar aikinsa. Sai a ƙara 10 a kan awon da aka bayar, a raba awon da wannan jimillar. Miligiram 10 zai ba da kashi 50 cikin 100, miligiram 20 ya ba da 67, miligiram 40 ya ba da 80, miligiram 80 ya ba da 89, miligiram 160 ya ba da 94. An ninka magani sau 16, aikinsa bai ko ninka sau biyu ba. Haka abin yake a zahiri. Atobastatin, maganin rage kitsen jini, miligiram 10 nasa yana sauko da mugun kitsen da kusan kashi 37 zuwa 39 cikin 100, kuma duk ninkawa ba ta ƙara fiye da kusan kashi 6. Wanda aka kai miligiram 80 yana samun 50 da ɗoriya ne kawai. A 2019 an buga wani gwaji da aka yi a sashen gaggawa na wani asibiti a New York, inda aka raba marasa lafiya 225 masu ciwo gida uku, aka ba su ibufurofen miligiram 400, 600 ko 800. Bayan sa'a ɗaya sauƙin da suka samu bai bambanta ba.

Abin da ya kamata masu sayenka su ji shi ne illa ba ta bin wannan layin na amfani, mai hawa da sauri sannan ya kwanta. Ita tana da nata, kuma sau da yawa daidai inda amfani ya kwanta ita take miƙewa. Ibufurofen mai yawa yana cin bangon ciki, yana taɓa ƙoda. Farasitamol kuwa ya fi yaudara. Hanta tana sarrafa shi lafiya muddin bai wuce ƙa'ida ba, wato giram 4 a sa'o'i 24 ga babba mai lafiya, ƙwaya takwas ke nan ta miligiram 500. Idan ya wuce, hanyoyin da hanta ta saba bi sukan cika, sai ragowar ya koma wani sinadari mai guba da ke kashe ƙwayoyin hantar. Mutum na iya yin kwana ɗaya ko biyu yana yawo garau kafin idonsa ya yi ɗorawa. Ka riƙa duba maganin mura da na ciwon jiki da suke haɗawa, domin da yawa akwai farasitamol a ciki. Ga yaro, miligiram 15 ne a kan kowane kilo na nauyinsa, kuma kada ya wuce sau huɗu a yini.

Mai neman tiramol "mai ƙarfi" kuma, ka gaya masa gaskiya: iyakar awonsa ga babba miligiram 400 ne a yini, a rarrabe. Hukumar NAFDAC mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai ta amince da su. Mai 225 da ake fasa-ƙwaurinsa, ƙwaya biyu sun riga sun haura iyaka, kuma abin da ke biyo baya shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya da danne numfashi.

Tambaya daga wata ɗaliba mai karatun haɗa magunguna a Zariya: Malamaina, sabon maganin da ba a taɓa ba ɗan Adam ba, ta yaya ake sanin awon da za a fara da shi?

Amsa: Malama, daga dabbobi ake farawa. Ana ba ɓeraye da wata dabbar da ba ta dangin ɓera ba, galibi kare ko biri, awo daban-daban na tsawon makonni, a nemo awo mafi girma da bai haifar da wata illa ba. Ba a ɗaukar wannan adadi kai tsaye a ninka da nauyin mutum, domin ƙaramar dabba ta fi mutum saurin sarrafa magani. Ƙa'idar da hukumar magunguna ta Amurka ta fitar a 2005 ta ce a raba awon ɓeran gida ƙarami da 12.3, na babban ɓeran gwaji da 6.2, na kare da 1.8. Abin da ya fito a sake raba shi da 10 aƙalla don kariya. Misali, in babban ɓera ya jure miligiram 62 a kan kowane kilo, daidai yake da miligiram 10 a kilon mutum. A raba da 10, ya zama miligiram 1. Mutum mai kilo 60 zai fara da miligiram 60 ke nan.

Wannan lissafi ya taɓa cin amanar masu bincike. A watan Maris na 2006, a asibitin Northwick Park da ke Landan, an yi wa samari shida masu lafiya allurar wani sabon magani mai suna TGN1412, miligiram 0.1 a kilo, wato kashi ɗaya cikin 500 na abin da birai suka jure. Cikin sa'o'i kaɗan garkuwar jikinsu ta harzuƙa ta far wa gaɓoɓinsu, duka shidan suka kwanta a sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasa yatsun hannu da na ƙafa. Kuskure biyu ne. Na ɗaya, ƙwayoyin garkuwar birin ba sa amsa maganin yadda na mutum suke yi, kuma lissafin da aka yi daga baya ya nuna wannan "ɗan" awon ya cika kusan kashi 90 cikin 100 na guraben da maganin ke kamawa. Na biyu, an yi musu allurar a jere, tazarar mintuna kaɗan, ba a jira an ga halin na farko ba. Tun daga nan, magunguna masu haɗari irin wannan ana fara su daga awo mafi ƙanƙanta da ake tsammanin zai motsa wani abu a jiki, kuma mutum ɗaya ake fara ba wa, a sa masa ido, sannan sauran su biyo.

Haɗari na biyu yana wajen hawa. A birnin Rennes na Faransa, masu sa kai sun sha wani magani mai suna BIA 10-2474 miligiram 20 kullum har kwana goma ba wata babbar matsala. A Janairun 2016 rukunin gaba aka tsallaka da su zuwa 50. A kwana na biyar ɗaya ya kwanta, daga baya ya rasu, wasu kuma suka samu rauni a ƙwaƙwalwa. Masu binciken lamarin sun nuna cewa awon da ke ƙasa da haka nesa ba kusa ba ya riga ya gama toshe sinadarin da ake hari. Babu wani amfani da ya rage a can sama, sai haɗari.

A gwajin maganin ciwon daji akwai tsohon tsari na uku-da-uku. A ba mutum uku awo ɗaya. In babu wanda ya samu illa mai tsanani, a hau. In ɗaya ya samu, a ƙaro mutum uku a wannan awon. In biyu ko fiye suka samu, a tsaya, awon da ke ƙasa da shi ya zama iyakar abin da jiki ke jurewa. Raunin tsarin a bayyane yake: mutum shida ba sa isa a yanke hukunci, kuma tambayar da yake amsawa ita ce nawa jiki zai iya ɗauka, ba nawa ne yake warkarwa ba. Shi ya sa a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙaddamar da shirin Project Optimus, tana neman kamfanoni su gwada awo biyu ko fiye kafin babban gwaji.

Wurin da ya kamata a yi wannan aiki shi ne mataki na biyu na gwajin magani a jikin mutane, kafin babban gwajin: a raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a zuwa rukuni huɗu ko biyar, ɗaya ya sha ƙwayar holoƙo wadda ba magani a cikinta, sauran kowanne da tsayayyen awonsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi awo masu kusa da juna, kamar 40 da 60 da 80, waɗanda duk suna inda layin ya riga ya kwanta. Sakamakon zai fito iri ɗaya, ba a koyi komai ba. Gara tazara mai faɗi, ninki goma ko fiye tsakanin ƙarami da babba, har da awon da ake zaton ya yi kaɗan.

Tambaya daga wata uwa a Kano: Likita, ɗana mai shekara takwas yana da sikila, yana shan haidiroksiyuriya. Na ji an ce binciken da aka yi a nan Kano ya nuna ƙaramin awo ya isa, wata kuma ta ce mini a Uganda an gano gara a ƙara. Wanne ne gaskiya? Allah ya saka da alheri.

Amsa: Amin, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Duka biyun gaskiya ne, tambayoyin da suka yi ne ba ɗaya ba.

Gwajin SPRING, wanda aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka buga sakamakonsa a 2022, ya ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12. Dukkansu na'urar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wato gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ko fiye. Aka raba su da ƙuri'a: rabi miligiram 10 a kilo kullum, rabi miligiram 20. Bayan bibiyar sama da shekara biyu, yara 3 ne suka samu shanyewar a ƙaramin awo, 5 a matsakaici. Kada wannan ya sa a ce ƙaramin ya fi. Bambancin 3 da 5 ƙanƙane ne, sa'a kaɗai na iya kawo shi. Abin lura shi ne a rukunin biyu duka haɗarin bai kai 2 cikin 100 a shekara ba, alhali irin waɗannan yara in ba a yi musu komai ba, kusan 10 cikin 100 ne ke shanyewa duk shekara. Sai dai gwajin ya nuna wani abu da ba a cika ambata ba: yaran da ke kan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Na Uganda, wanda aka yi a Kampala aka buga a 2020, ya ɗauki yara 187. Rabi aka tsayar da su a miligiram 20, rabi aka yi ta ƙara musu a hankali har kusan 30, ana duba jininsu. Ma'aunin nasara shi ne ƙarfin jini ya kai giram 9, ko kuma jinin jarirai, wato nau'in da ba ya lanƙwashewa, ya kai kashi 20 cikin 100. Kashi 86 cikin 100 na waɗanda aka ƙara wa sun kai, sauran kuwa 37 ne. Tashin ciwo ya ragu da fiye da rabi, ƙarin jini da kwanciya asibiti suka ragu fiye da haka. Kwamitin da ke sa ido ya tsayar da gwajin tun wa'adinsa bai cika ba, domin ci gaba da barin rabin yaran a ƙaramin awo ya zama zalunci.

Ma'anar wannan ita ce magani ɗaya yana da layin amfani fiye da ɗaya. Layin kariya daga shanyewar ɓarin jiki, bisa abin da aka gani, yana kwanciya da wuri. Layin rage tashin ciwo kuwa yana ci gaba da hawa har wajen 30. A ganinmu, inda gwajin jini ke samuwa a kai a kai, bai kamata a bar yaro a miligiram 10 ba. Inda kuɗin magani ko na gwaji ya gagara, miligiram 10 ya fi babu nesa, kuma binciken Kano ne ya ba likitoci ƙarfin gwiwar faɗin haka.

Ƙari yana da ƙa'ida, domin maganin yana danne ɓargo. Tsarin da aka saba bi shi ne a fara yaro da miligiram 20 a kilo, a ƙara 5 duk bayan mako takwas, kada a wuce 35, a riƙa ƙidaya ƙwayoyin jini duk wata a lokacin ƙarin. In fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta suka faɗi sosai, ko ƙwayoyin daskarar da jini suka sauka ƙasa da 80,000, sai a dakata har su farfaɗo, a dawo da awon da ya ɗan gaza na baya.

Abu guda da muke roƙon ki kula da shi, Hajiya: nauyi. Yaro mai kilo 20 da aka rubuta wa miligiram 400 yana kan 20 a kilo. In ya girma ya kai kilo 27 yana shan wannan 400 ɗin, ya sauka ƙasa da 15 ba tare da kowa ya yanke shawarar rage masa ba. Duk zuwa asibiti a ɗora shi a sikeli, ki tambayi likita miligiram nawa a kilo yake kai yanzu.

Tambaya daga wani ma'aikacin jinya a Maraɗi: Na duba bayanan majinyatanmu, na ga waɗanda aka ba babban awo na wani magani sun fi mutuwa. Wannan bai isa hujjar cewa babban awon yana kisa ba?

Amsa: Bai isa ba, ɗan'uwa. Ka tambayi kanka wa ake ba babban awo. Wanda ciwonsa ya fi tsanani, ko wanda ƙaramin bai yi masa aiki ba. Dama shi ne ya fi kusa da mutuwa tun kafin a ɗauko sirinji. Ciwon ne ya jawo awon, ba awon ya jawo mutuwar ba, kuma bayanan asibiti ba za su iya raba maka biyun ba.

Ruɗin kan juya ta ɗaya ɓangaren ma. A wani babban gwaji na Amurka kan maza masu ciwon zuciya, wanda aka buga wannan sashe nasa a 1980, waɗanda suka sha aƙalla kashi 80 cikin 100 na kilofibiret, maganin rage kitsen jini, 15 cikin 100 ne suka mutu a shekara biyar, masu wasa da shi kuwa kusan 25. Kowa zai ce ga aikin magani. Da aka duba masu shan ƙwayar holoƙo, sai aka ga masu kiyaye ƙa'ida 15 ne suka mutu, masu wasa kusan 28. Mai kiyaye shan magani mutum ne mai kiyaye sauran al'amuran lafiyarsa.

Ko auna magani a cikin jini bai kuɓuta ba. A ciwon dajin tumbi, an lura majinyatan da maganin tirastuzumab ya yi ƙaranci a jininsu sun fi saurin mutuwa, aka yi zaton ƙari zai cece su. Aka shirya gwajin HELOISE, aka raba da ƙuri'a tsakanin miligiram 6 da 10 a kilo. Maganin ya ƙaru a jini, kwana bai ƙaru ba. Ashe jikin da ciwo ya ci ƙarfinsa shi ke saurin zubar da maganin, ƙarancin alama ce ta tsananin ciwo.

Ƙuri'a kaɗai ke warware wannan, domin ita ba ta san mai tsanani da mai sauƙi ba. Kuma wani lokaci takan tabbatar da zargi irin naka. A 2020 gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna deksametason miligiram 6 kullum na kwana goma yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da aka gwada miligiram 20 a kan masu buƙatar iskar oksijin kawai, 19 cikin 100 suka mutu, a awon da aka saba kuwa 12. Abin da ka gani a bayananku dalili ne na a bincika, ka kai shi ga likitocin sashenku tare da bayanin tsananin ciwon kowane majinyaci a ranar da aka kwantar da shi.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Kumasi: Awon da ke rubuce a takardar cikin kwali yana iya zama kuskure?

Amsa: Yana iya sauyawa, Malam, kuma galibi ƙasa yake yi. Kamfanin da ya zuba dukiya a babban gwaji ya fi tsoron a ce maganinsa bai yi aiki ba, don haka yakan zaɓi awo na sama. Haidirokulorotayazaid na hawan jini a da ana ba da miligiram 50 zuwa 100, yana zubar da sinadarin fotasiyam, yana tayar da sukari. Yau 12.5 zuwa 25 ake bayarwa. Zidobudin, maganin farko na cuta mai karya garkuwar jiki, ya fito a 1987 da miligiram 200 duk sa'a huɗu, dare da rana, yana ƙarar da jinin mutane, daga baya aka gane rabin haka ya isa. Efabirenz, shi ma maganin wannan cutar, ya shekara fiye da goma a miligiram 600 kafin gwajin ENCORE1, mai mutum 630 a ƙasashe 13, ya nuna a 2014 cewa 400 yana danne ƙwayar cutar daidai da shi, da ƙarancin illa. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage firimakwin da ake ba wa sau ɗaya don hana mai maleriya harba wa sauro cutar, daga miligiram 0.75 a kilo zuwa 0.25, saboda babban awon yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka. Gwajin da aka yi a Mali, inda aka shayar da sauro jinin waɗanda suka sha awo daban-daban, ya tabbatar 0.25 yana aiki. A Kinshasa kuma, a 2016, da rigakafin shawara ya yi ƙaranci, an yi wa mutum sama da miliyan bakwai kashi ɗaya cikin biyar na allurar, bincike ya nuna kusan 98 cikin 100 sun samu garkuwa bayan wata guda.

Yakan yi sama ma. Allurar atesunet ta maleriya mai tsanani miligiram 2.4 ce a kilo, amma da aka auna jinin ƙananan yara aka ga maganin ba ya kai yadda yake kai wa a manya. A 2015 aka ɗaga ta zuwa miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba.

Tambaya daga wani magidanci a Damagaram: Na ba 'yata maganin maleriya mai ƙwaya shida, zazzaɓi ya sauka a kwana na biyu, na ajiye sauran. Bayan mako biyu ya dawo. Maganin jabu ne?

Amsa: Ba lallai ba ne, Malam. Awo ba yawan ƙwaya ne kaɗai ba, har da lokaci da tsawon kwanaki. Maganin maleriyar da ake sha sau shida haɗin atemita da lumefantirin ne, magani biyu masu aiki daban. Atemita yana kashe ƙwayoyin cutar da sauri, shi ya sa zazzaɓi ke sauka, amma cikin sa'o'i kaɗan yake barin jini. Lumefantirin yakan yi kwanaki, shi ke share ragowar, kuma sai ya taru a jini kafin ya iya. A gwajin da aka yi a Tailan a shekarun 1990, sha huɗu ya warkar da kusan 83 cikin 100, sha shida ya warkar da kusan 97. Daga nan aka tsayar da shida: na farko, na biyu bayan sa'a 8, sannan safe da yamma na kwana biyu.

Da nauyi ake auna shi. Na miligiram 20/120, ƙwaya ɗaya ce a kowane sha ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15, biyu ga 15 zuwa ƙasa da 25, uku ga 25 zuwa ƙasa da 35, huɗu daga 35 zuwa sama. Lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo, don haka a haɗa da madara, nonon uwa, ko abinci mai mai. Kada a haɗe sha biyu a lokaci guda don an manta ɗaya, hanji yana da iyakar abin da yake tsotsa a zama ɗaya, saura fita zai yi. In ta amayar cikin rabin sa'a, a sake ba ta. Yanzu kam a kai ta a gwada jininta kafin a ba ta wani abu, domin zazzaɓin na iya zama sabon cizo ko ma wata cutar.

Tambaya daga wani dattijo a Fagge, Kano: 'Ya'yana, tun abin da ya faru a gwajin maganin sanƙarau na 1996 hankalina bai kwanta da gwaji ba. Na ji har da maganar awo a ciki. Me mutum zai tambaya in aka nemi sa ɗansa?

Amsa: Baba, damuwarka tana da tushe. A annobar sanƙarau ta 1996 an gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Rabi aka ba su shi, rabi aka ba su seftiriyakzon, tsohon maganin da aka sani, don kwatantawa. Yara 11 suka rasu, biyar a rukunin Trovan, shida a ɗayan. Cikin abubuwan da aka yi ƙorafi a kai, baya ga batun izinin iyaye, har da cewa an rage seftiriyakzon daga miligiram 100 a kilo zuwa 33. Kamfanin ya ce don rage zafin allura aka yi, kuma awon ya wadatar. An sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Ƙa'idar bincike a nan ba ta da ruɗani: tsohon maganin da ake auna sabo da shi dole a ba da shi a cikakken awonsa da aka sani, in ba haka ba an tauye yaran da ke shansa, kuma sabon zai fito da kyan da ba nasa ba.

A yau gwajin magani a Najeriya sai da izinin NAFDAC da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike mai rajista a ƙarƙashin kwamitin ƙasa. Ka nemi a nuna maka takardun biyu. Ka tambayi matakin da gwajin yake, da yawan mutanen da suka taɓa shan wannan awon, da ko akwai yara a cikinsu. Ka tambayi abin da ɗaya rukunin zai sha, da ko awonsa daidai yake da wanda asibiti ke bayarwa kullum. Ka tambayi gwajin jinin da za a riƙa yi da tazararsa, da alamun da za su sa a rage ko a tsayar, da wanda zai biya kuɗin jinya in illa ta faru, da lambar da za ka kira cikin dare. A karanta maka takardar amincewa da Hausa a gaban shaidan da ka yarda da shi, a ba ka kwafi ka tafi da shi gida. Kana da ikon janye ɗanka a kowace rana, kuma asibitin ba shi da ikon rage masa kulawar da ya saba samu saboda haka.